Jam'iyyar Shaihu Siba'i da Hujjar Ruwa, Ciyawa da Wuta

A cikin 1949, shekarar da soja suka hamɓare gwamnati har sau uku a ƙasar Siriya, wani malami mutumin Homs, Shaihu Mustafa Siba'i, wanda ya yi karatu a Azhar kuma yake jagorantar Ikhwanul Muslimina na ƙasar, ya shiga zaɓen majalisar tsara dokokin ƙasa da wata 'yar ƙaramar jam'iyya wadda sunanta ya haɗa kalmomi biyu da jama'a ba su saba jin su a jere ba, wato Musulunci da ishtirakiyya, abin da muke kira gurguzu. Kujerun da ta samu ba su taka kara sun karya ba, amma shi kansa ya shiga majalisa daga Dimashƙa.

Manufarta, kamar yadda ya shimfiɗa ta daga baya cikin littafinsa Ishtirakiyyatul Islam na 1959, ba ta hana mutum mallakar gonarsa ko rumfarsa ta kasuwa ba, domin dukiya tana cikin haƙƙoƙi biyar da ya ce shari'a ta tsare wa kowa, tare da rai da 'yanci da ilimi da mutunci. Abin da ya ƙi shi ne riba, wato kuɗin ruwa, da ɓoye kaya don su yi tsada, da tara ƙasar noma a hannun gidaje ƙalilan alhali manomin da ya yi huɗa ya yi girbi yana kwana da yunwa. Hujjarsa mafi kaifi, a ganina, ita ce hadisin nan da ya sanya mutane abokan tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta, wanda ya yi ƙiyasi a kansa cewa duk abin da rayuwar al'umma ta rataya a kai, hukuma tana da ikon karɓarsa idan maslaha ta wajabta, muddin ta biya mai shi diyya. Duk Bafillatanin da aka taɓa tare wa burtali ko mashaya zai gane wannan magana ba sai an yi masa sharhi ba.

Waɗansu malamai ba su yarda ba, har Shaihu Muhammad Hamid na Hama ya rubuta masa raddi. Waɗanda suka yi maraba da littafin kuwa su ne mahukuntan Masar na zamanin Jamal Abdul Nasir, suka yi ta yaɗa shi don halatta ƙwace kamfanoni, a daidai lokacin da 'yan'uwan mawallafin na Ikhwan suke ɗaure a kurkukunsu.