Mace Da Alƙalami: Me Ake Samu A Rubuta Labari?

Yau bari mu ɗan ajiye zancen girki da reno, mu taɓa wata sana'a wadda jarinta alƙalami ne da littafin rubutu, watau rubuta ƙagaggen labari.

Sau da yawa abin da ke sa mace ta ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta tsaya mata a rai, ba ta da wurin faɗinta. Ku dubi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya ƙarama, amma ba ta bar wannan ciwo ya tafi a banza ba. A 1990 ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? da kuma Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi wadda miji ya kora da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta rene su. Kafin ita, Hajiya Hafsat Abdulwaheed ta buɗe mana hanya da So Aljannar Duniya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980.

To, yaya ake yi? Da farko kunne. Ki saurari yadda mata ke magana a gidan biki da layin awo, domin kishiya ba ta magana irin ta uwar miji, budurwa kuma ba ta yin irin ta tsohuwa. Idan kowa a labarinki bakinsa ɗaya, mai karatu zai gane ke kaɗai ce ke surutu. Kada kuma ki mai da muguwa shaiɗan tsantsa. Ki nuna mana abin da ya mai da ita haka. Sannan ki sauya suna da unguwa, kada ki tona asirin maƙwabciya.

Na biyu haƙuri. Ni kan rubuta shafi ɗaya bayan sallar isha'i, in na gama duba littattafan 'yan ajina. Shafi ɗaya kullum, kafin shekara ya zama littafi. In kin gama babi, ki karanta wa ƙawarki da ƙarfi. Inda ta fara hamma, nan za ki soke.

Ribar fa? Kada ki sa rai da kuɗi tukuna. Littafin Rabi sai a 2012 aka fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya, shekara 22 bayan fitowarsa. Ni ribar da na gani ita ce ranar da na karanta wa 'yan ajina babi guda. Bayan an tashi, wata yarinya ta tsaya ta ce, "Malama, haka aka yi wa yayata." Ran nan ta faɗa mini abin da ta daɗe tana ɓoyewa.

Saboda haka 'yar'uwa, in kina da magana a ciki, ki sayi littafin rubutu yau. Allah ya ba mu sa'a, amin.