Talakan Gobir Tsakanin Mai Karɓa da Mai Faɗa a Ji

 Wannan bayani ne a kan ƙasar Sabon Birni da Isa, da abin da ke tsakanin mai ƙarfi da mai rauni a cikinta, tun zamanin Alƙalawa har ya zuwa zamanin nan.

A ƙasar Sabon Birni kufan Alƙalawa yake, watau babban birnin Gobir na da, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi sarauta. Wajen shekarar 1788 Bawa ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi dukiyar, ya roƙi abu biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Mai hankali ya duba: biyu na farko zancen baki ne da kunne, wa aka yarda ya faɗa, wa aka yarda ya ji. Na ƙarshe kuwa zancen rumbu ne da aljihu. Da waɗannan igiyoyi biyu mai iko ke ɗaure talaka a kowane zamani.

Da Nafata ya hau, sai ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi. Tufar jikin mutum ta zama laifi. Ƙarshen al'amari Jama'a suka yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a wurin. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya lissafa abin da ya ga sarakuna na yi: jangali, da kuɗin gari, da gaisuwa, da ƙwace a kasuwa, da ɗaukar matan mutane. Bai bar malamai ba, don a cikin Nurul Albabi ya zargi waɗanda ke karantar da almajirai, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u ta ɗauki wannan nauyi, ta naɗa jajoji suna kai karatu ga matan ƙauyuka.

Amma faɗuwar birni ba ta kawo ƙarshen wahalar manomi ba. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci Gobirawa a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali ya faɗi. Waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da su ya gina Sabon Birni, Isa kuwa tana hannun gidan Bello, mai riƙe da ita shi ma ana ce masa Sarkin Gobir. Shekara da shekaru ana kai hari ana ramawa, wanda aka kama a gona ko a bakin rijiya shi ke zama bawa. Turawan Ingila suka ci Sakkwato cikin 1903, suka ja iyaka da Faransa, Tsibiri ta faɗa can, Sabon Birni ta faɗa nan. Haraji da jangali ba su tafi ba, sai dai suka koma baitulmalin En'e.

To, ga abin da ya auku a shekarun baya-bayan nan. 'Yan bindiga suka mamaye dazuzzukan da ke tsakanin Isa da Sabon Birni da Shinkafi, wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Bello Turji. Suka aza wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka, da kuɗi kafin a yi girbi, suka sa mutane noma gonakinsu ba lada. Cikin 2021 har labari ya zo sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa. Wannan kuɗin gari ne da gaisuwa suka dawo, sai dai babu alƙalin da za a kai ƙara. Mai hali ya kwashe iyalinsa zuwa Sakkwato. Maras hali ya biya, ko ya ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi, inda dubban mutane suka yi gudun hijira tun 2019. Mata su ne suka fi shan wuya: ana sace su, ana keta mutuncinsu, waɗansu kuma an bar su da marayu.

Masu gaggawa sukan ce faɗan Fulani da Hausawa ne. Lalle gaba ta shiga tsakani, amma makiyayi talaka yana cikin waɗanda aka fara kore wa shanu, sa'an nan 'yan sa-kai suka riƙa tare shi a kasuwa saboda kamanninsa kawai. Manomi da makiyayi duka biya suke yi, mai makami ke karɓa.

Zancen baki da kunne ma ya dawo. Cikin Satumba, a farkon 1443 ta Hijira, watau 2021, hukuma ta yanke layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, ta tsayar da cinikin dabbobi a kasuwanninsu, don a toshe wa ɓarayi hanya. Niyyar tsaro ce, amma ɗan kasuwa ya rasa ciniki, ɗan ƙauye ya rasa hanyar kiran taimako. Ɗan bindiga kuwa in ya yi magana a bidiyo, kafin magariba ta zaga ƙasa. Cikin Yuli 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, aka nuna shi a ɗaure yana neman ceto, ya rasu a hannunsu cikin Agusta. Duniya ta ji, domin mai rawani ne. Manoman da suka riga shi, adadinsu kaɗai aka buga, ba sunayensu ba.

Saboda haka malamin da ke da zaure da mumbari ya tuna da Magami: Shehu ya mayar da kyauta don bakinsa ya kuɓuta. Ɗan kasuwa kuma ya binciki asalin saniyar da aka kawo masa da araha, gama ɓarawo ba ya sata sai ya san inda zai sayar. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da masu hijira gidajensu, Ya ba shugabanni ikon yin adalci, amin. Tamat.