125 ko 150? Abin da ya kamata ɗan Zango ya auna kafin ya zuba jarinsa a babur

Duk wanda ya shiga shagon masu sayar da babura a Lome da kuɗinsa a aljihu, tambayar farko da za a yi masa ita ce: "125 kake so ko 150?" Sau da yawa baburan biyu kamar tagwaye suke, tanki iri ɗaya, kujera iri ɗaya, fenti iri ɗaya. Lambar da aka manna a gefe ce kawai ta bambanta, sai kuma farashi. Da yawa nan take suke yanke hukunci. Mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauki 125 saboda sauƙin kuɗi, matashi mai jini a jika ya ɗauki 150 don a ce nasa ya fi.

Alhali maganar ta wuce ta ado. Ga ɗan kasuwar Assigamé, ko ɗan zemijan, ko mai bin kasuwannin ƙauye, kuɗin babur kuɗin adashi ne na wata da watanni, wani ma bashi ne zai riƙa biya kullum. In ya zaɓi wanda bai dace da hanyarsa ba, ko dai ribarsa ta ƙare a gidan mai, ko ta ƙare a wurin makaniki, wani lokaci ma a gadon asibiti. Don haka tambayar da ta dace a fara da ita ita ce: wace hanya za ka bi a yawancin ranakunka, kuma me za ka ɗora a baya?

Yadda babur ya zama ƙafar ɗan Zango

Dattawa sun san lokacin da Zango yake tsakiyar gari, mutum ya fito daga gida ya taka da ƙafa zuwa babbar kasuwa. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zangon, aka mayar da jama'a arewacin birni, wajen da ake kira Agoè-Zongo a yau, kimanin kilomita 15 daga bakin teku. Gida ya yi nisa, kasuwa kuma tana nan inda take. Tun daga lokacin sufuri ya shiga cikin lissafin kowane magidanci.

Sai ga dogon yajin aikin gama-gari da ya fara a watan Nuwamban 1992, wanda ya ɗauki watanni. Motocin haya suka yi wuya, masu babura suka fara ɗaukar mutane suna karɓar kuɗi. Daga nan zemijan ya kafu a Lome, abin da 'yan gari ke kira oleyiya, 'yan'uwanmu na Nijar ke kira kabu-kabu, na Kano kuma acaɓa. Bayan haka baburan Sin da na Indiya suka cika kasuwa: Sanya, Haojue, Apsonic, TVS, Bajaj Boxer. Akasarin na aikin ƙarfi a cikinsu 125 ne ko 150.

Wai shin mene ne 125 ɗin?

Lambar nan awo ce ta faɗin cikin silinda, wato wurin da fistin ke hawa yana sauka. Ana auna ta da cc, kuma cc 1,000 ne lita ɗaya. Ke nan 125 kashi ɗaya ne cikin takwas na lita. Tazarar da ke tsakanin 125 da 150 cc 25 ce, ba ta cika babban cokali biyu ba. Amma in aka auna ta da girman injin kansa, ƙarin kashi 20 ne cikin 100, kuma fistin yana buga ta sau dubbai a minti guda.

A takarda, injin 125 na irin baburan nan kan ba da ƙarfin doki 10 zuwa 11, na 150 kuma 12 zuwa 13. A kan kwalta mai kyau, mutum ɗaya ba kaya, da ƙyar za ka ji bambancin. Inda yake fitowa fili shi ne wurin ja: tashi daga tsaye da buhu a baya, hawan tudu da goyo, fita daga cikin yashi.

Yana da kyau a san asalin injin. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, bayan ya lura cewa a ƙasashe masu tasowa mutane na lafta wa babur kaya, ba su kuma cika canza baƙin mai a kan lokaci ba. Sai ya ƙera inji mai sauƙin gyara, mai haƙuri da wahala. Da yawa daga baburan Sin da ke yawo a Lome a yau kwaikwayon wannan injin ne. A irinsu, 150 ɗin kusan 125 ne da aka faɗaɗa wa silinda: fistin na 125 faɗinsa milimita 56 da rabi, na 150 milimita 62. Sauran jikin babur, ƙashin bayansa, shokozoba da birki, galibi iri ɗaya ne. A riƙe wannan da kyau. Injin 150 zai ja kayan da ya fi na 125 nauyi, amma birkin da zai tsayar da kayan bai ƙaru ba.

Hanya ce ke zaɓar babur

Wanda ke zirga-zirga tsakanin Agoè-Zongo da Assigamé kusan duk tafiyarsa a kan kwalta take, cikin cunkoso, tsaya-tashi, tsaya-tashi. A nan 125 ya wadatar. Ba inda za a sami filin gudu ma, balle a nemi ƙarin ƙarfi. Ko da akwai ɗan yashi a lungun gida, giya ta ɗaya da ta biyu sun isa.

Labari yana canzawa in aka sauka daga titi. Tsohon gari, tsakanin teku da tafkin Lome, a kan yashi yake zaune, kuma lunguna da yawa a unguwannin bayan gari ba su ga kwalta ba. Yashi mai zurfi shi ne abokin gabar ƙaramin inji. Taya na nutsewa, mahayi na murɗa totur yana wasa da kuloci, gudu ba yawa. Injin nan kuwa iska ce ke sanyaya shi, in ba ya tafiya da sauri iskar ba ta isa. Wanda ke bin irin wannan hanya kullum da goyo a 125 zai san makanikinsa sosai, domin kuloci ne zai fara ƙonewa.

Arewa da tafkin kuma jar ƙasa ce mai yumɓu. Da rani ƙura, da damina santsi. A kudancin Togo ruwa sau biyu yake sauka, babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma mutanen Togblékopé sun san halin kogin Zio in ya cika. A cikin laka, ƙarin ƙarfi ba ya ceton kowa. Babban inji ma ya fi saurin juya tayar baya a banza ya kayar da mai shi. Abin da ke aiki a nan taya ce mai kyau da hannu mai sanyi.

Sai hanyoyin dutse. Mai zuwa Kpalimé, kilomita 120 daga Lome, ya haura ƙauyukan Dutsen Agou mai tsayin mita 986, ko ya hau tudun Danyi daga Adéta, ko ya bi karkatacciyar hanyar Atakpamé zuwa Badou sayo ayaba da doya, wannan 150 ne nasa, ba ja-in-ja. Haka ma wanda ya saba miƙa babbar hanyar arewa zuwa Sokodé, Bafilo ko Mango lokacin Sallah. A doguwar tafiya 125 mai kaya kan wuni totur a ƙure, 150 kuwa zai riƙe gudu iri ɗaya yana da sauran numfashi, ya haye tudun Aledjo ba tare da an sauke goyo ba. Injin da ba a ƙure shi ya fi daɗewa.

Lissafin mai

Yawancin baburan 125 kan sha lita 2 zuwa 2 da rabi a kilomita 100, na 150 kuma su ɗara da kamar rabin lita. Mu ɗauki wannan rabin lita mu yi lissafi, mu ƙaddara lita ɗaya sefa 700 ce don sauƙin misali.

Ɗan kasuwar da ke yin kilomita 30 a rana, zuwa da dawowa, kwana 26 a wata, ya yi kilomita 780. Bambancin mai bai wuce lita 4 ba, kimanin sefa 2,800. Wannan ba zai karya kowa ba. Amma ɗan zemijan da ke yin kilomita 150 a rana zai yi kilomita 3,900 a wata. Bambancinsa ya kusa lita 20, wajen sefa 14,000 kowane wata. In babur ɗin na bashi ne, wannan kuɗin na iya zama tazarar da ke tsakanin cika alkawari da a ƙwace makulli.

Akwai kuma wani gefen lissafin. Ƙaramin injin da aka lafta wa kaya ana murɗa shi har ƙarshe kan sha mai kusan daidai da babba, ga kuma lalacewa. Tsimin 125 na wanda kayansa ba su da nauyi ne.

Man kwalabe da ake sayarwa a bakin hanya, wanda ake kira bude, shi ma ya daina zama mafita kamar da. Tun da Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 arhar tasa ta ragu, ga shi wani lokaci da ruwa ko datti a ciki, kafireta ce ke shan wahala.

Abin da ya fi girman inji a hanyar ƙasa

A duba irin baburan da ƙungiyoyin agaji kan ba ma'aikatan lafiya da malaman gona masu shiga ƙauyuka. Da yawa 125 ne, kamar Yamaha XTZ125, ga shi suna zuwa inda mota ba ta zuwa. Sirrin yana ƙafa. Ƙafar gaba ta XTZ125 inci 21 ce, ta baya 18, alhali baburanmu na gari 17 ne ko 18 gaba da baya. Doguwar ƙafa ta fi hawa kan rami da dutse, cikin babur ya yi nisa da ƙasa, shokozoba kuma doguwa ce. Honda XR150L ita ma ƙirar daji ce, da ƙafar gaba inci 19. Matsalarsu ɗaya: farashinsu ya yi wa na Sin nisa ƙwarai, kayan gyaransu kuma ba kowane shago ba.

Wanda aljihunsa bai kai can ba yana da dabaru masu sauƙin kuɗi. Na farko, taya mai manyan haƙora, musamman a baya. Na biyu, ƙafa mai waya ta fi ƙafar alminiyum a hanyar dutse, domin in ta lanƙwashe ana miƙe ta, waccan kuwa tsagewa take. Na uku, makaniki na iya sa faifan sarƙa na baya mai ƙarin haƙora biyu ko uku. Babur zai ƙara ƙarfin ja, gudunsa na ƙarshe ya ɗan ragu. Da wannan kaɗai 125 kan yi aikin da mai shi ya zaci sai 150. Na huɗu, matatar iska. Lokacin hunturu ƙura ke cinye inji a hankali, wanke matatar da canza baƙin mai a kan lokaci sun fi ƙarin cc 25 tsawaita rayuwar babur.

Kamfanonin Indiya ma sun lura da wannan buƙata. Bajaj na da Boxer 150 ƙirar X mai ɗagaggen madigadi da tayar hanyar ƙasa, TVS kuma na da HLX a girma biyun, 125 da 150.

Kafin ka miƙa kuɗi

Kada a yarda da lambar da ke jikin tanki, ana sayar da irin wannan takardar mannawa a kasuwa. A durƙusa a duba lambar da aka buga a jikin injin. A baburan Sin, 156FMI ko 157FMI na nufin 125, 162FMJ na nufin 150, 163FML kuma 200. Harafin ƙarshe ne ke faɗin girman. A gwada da abin da ke rubuce a kart giriz, musamman in babur ɗin na hannu ne.

A tambayi makanikin da ke ƙarshen hanyarka, ba na Lome kaɗai ba. In fistin ya mutu a wani ƙauye bayan Tchamba, wanne ake samu a shagon garin? Babur ɗin da kowa ke hawa a yankin shi ne mai kayan gyara.

A hau a gwada da irin nauyin da za a riƙa ɗauka. Ƙafafunka biyu na taɓa ƙasa? In ya faɗi a laka za ka iya ɗaga shi kai kaɗai? Dogayen baburan daji kan ba gajeren mutum wahala a cunkoson Assigamé. In da hali a zaɓi mai birkin faranti a gaba, ya fi kamawa in an sauko daga tudu da kaya.

Sannan a ware kuɗin kaske biyu, naka da na wanda za ka goya, da lasisin tuƙi, da inshora, tun kafin a tsayar da girman inji. Wanda ya ƙarar da kuɗinsa wajen haurawa daga 125 zuwa 150 ya fito kai ba hula bai yi ciniki ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kwana shida cikin bakwai kana tsakanin gida da kasuwa a kan kwalta, ɗauki 125, ka sa masa taya mai kyau, ragowar kuɗin ka ƙara a jari. Tafiyar Sallah sau biyu a shekara motar haya ta ishe ta. In kuwa abincinka yana bayan kwalta, da buhu a baya da tudu a gaba, ka daure ka cika kuɗin 150, ka kuma tuna cewa birkinsa bai fi na ƙanensa ba. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a nema.