Dalilin Da Ya Sa Masu Gina Linux Suka Rubuta Wa Kansu Dokar Ladabi

Duk wayar Android da ke hannun ɗan kasuwa, da yawancin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, suna aiki ne a kan wata manhaja mai suna Linux. Ba mallakin kamfani ɗaya ba ce. Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finlan, ya fara ta a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya kuma bar rubutun umarninta, wato kod, a buɗe domin kowa ya duba, ya gyara, ya ƙara. Irin wannan ake kira buɗaɗɗiyar manhaja. A yau sabon zubin Linux yana fitowa kusan duk mako tara zuwa goma, kuma fiye da mutum dubu ɗaya ne ke sa hannu a kowane zubi, akasarinsu ba su taɓa ganin juna ido da ido ba.

Aikin gayya irin wannan ba ya tafiya sai da ƙa'ida. Wanda ya ga kuskure, ko yake son ƙara wani abu, yakan rubuta gyaransa, wanda suke kira faci, ya aika wa mai kula da sashen da abin ya shafa. Shi mai kulan zai karanta layi bayan layi kafin ya karɓa ko ya mayar. Masu rubuta faci suna da yawa, masu karantawa kaɗan ne, kuma a nan ne aikin ke cushewa. Kusan kowace doka ta Linux an yi ta ne domin a rage wa waɗannan 'yan kaɗan ɗin wahala.

Dokokin rubutu sun fi sauƙin fahimta. Takardar salon kod ta Linux ta ce duk layin da za a tura ciki, a tura shi da tazarar harafi 8, kuma idan turawar ta wuce hawa uku, alama ce cewa aikin ya cukurkuɗe, a sake shi. An fi son kada layi ya wuce harafi 80, ko da yake a shekarar 2020 an sassauta manhajar da ke binciken faci, ba ta ƙorafi sai layi ya haura 100. Kowane faci ya ɗauki gyara guda ɗaya tak, tare da bayanin dalilinsa. Tun 2004 kuma dole mai faci ya sa sunansa a ƙasa, yana shaida cewa yana da haƙƙin miƙa abin da ya miƙa. Ma'aikacin da ya taɓa karɓar fayil ɗin da kowane ofis ya yi wa nasa salon rubutu zai gane hikimar: kwamfuta ba ta damu da tazarar layi ba, mutumin da zai karanta faci na hamsin da tsakar dare ne ya damu.

Dokar mu'amala ce ta daɗe ba ta samu ba. Torvalds ya yi suna wajen zafin harshe, yakan yi wa wanda ya kawo aikin da bai gamshe shi ba kaca-kaca a bainar jama'a, wani lokaci har da ashar. Masu kare shi suka ce da haka ne ingancin aikin ya tsaya. A 2015 an fitar da wata gajeriyar takarda kan yadda za a warware saɓani, amma ba ta hana wasu sanannun masu ba da gudummawa sanar da janyewarsu a wannan shekarar ba, suna kuka da cin mutunci.

A ranar 16 ga Satumban 2018 Torvalds ya aika da saƙon da ya ba mutane mamaki. Ya amince cewa halinsa ya cutar da mutane, har ya kori wasu daga aikin, ya nemi afuwa, ya ce zai ɗan ja gefe ya nemi taimakon gyara halinsa. Greg Kroah-Hartman ya riƙe ragamar har aka fitar da zubi na 4.19, Torvalds ya dawo a watan Oktoba. A daidai wannan lokaci aka shigar da sabuwar dokar ladabi, wadda aka ɗauko daga wata takarda da Coraline Ada Ehmke ta rubuta a 2014, wadda kuma ayyuka masu yawa suka riga suka runguma. Dokar ta haramta zagi, da cin zarafi, da wallafa bayanan sirrin wani ba da izininsa ba, aka kuma kafa kwamitin karɓar ƙorafi.

An yi ta da jijiyar wuya a kan wannan. Wasu suka ce siyasa ce aka shigo da ita cikin aikin fasaha, kuma nan gaba za a riƙa karɓar aikin banza don gudun ɓata wa mutum rai. Tsoron bai tabbata ba. Har gobe ana mayar da faci, Torvalds ma bai daina faɗa ba, sai dai ana sa ran a soki aikin a bar mai aikin. Dokar kuma tana da haƙori: a watan Nuwamban 2024 kwamitin ya dakatar da karɓar aikin wani ƙwararren mai gina sashen adana bayanai na tsawon zubi guda, saboda zagin da ya yi wa abokin aikinsa.

Ladabi a wannan fage ya haɗa da riƙon amana. A watan Afrilun 2021 Kroah-Hartman ya rufe wa Jami'ar Minnesota ta Amurka ƙofa, bayan da ya bayyana cewa wasu masu bincike a can sun aika da faci masu ɓoyayyen lahani da gangan, domin su gwada ko za a gane. Ba su nemi izinin kowa ba kafin su mai da masu kula abin gwaji. Sai da aka koma aka sake tantance tarin gyare-gyaren da suka fito daga jami'ar, yawancinsu kuma aka tarar ba su da laifi. Kwanakin da aka ɓata a kan haka, daga lokacin waɗancan 'yan kaɗan ɗin aka cire su.

Abin da ya faru da xz ya fi kowanne nuna inda hatsarin yake. Wata ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, wadda ke cikin kusan kowane tsarin Linux, kuma mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita a matsayin aikin sa kai. A 2022 wasu sunaye da ba a san masu su ba suka dinga turo masa saƙonnin gori, cewa aikin ya tsaya, ya ba wani wuri. Collin ya amsa cewa yana fama da rashin lafiya kuma ba biyansa ake yi ba, suka ci gaba da matsa masa. A gefe guda akwai wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya daɗe yana kawo gyara mai tsabta cikin natsuwa. Sannu a hankali aka ba shi ikon shigar da kod da kansa.

A farkon 2024 Jia Tan ya dasa ɓarauniyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za ta iya bai wa mai riƙe da mabuɗinta damar shiga kwamfutoci daga nesa. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga na'urarsa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya fallasa abin a ranar 29 ga Maris, kafin zubin ya kai ga yawancin masu amfani. Masu bincike da dama suna ganin masu gorin da Jia Tan bakinsu ɗaya, an yi amfani da tsangwama ne domin a gajiyar da mai gadi ya miƙa mabuɗi. An kwashe zubin biyu daga inda suka kai, Collin kuma ya koma ya tsefe ayyukan da Jia Tan ya shigar kafin ya fitar da tsabtataccen zubi.