Tsofaffin Waƙoƙi a Ƙananan Gidajen Rediyo: Daga Ƙasar Gumel Zuwa Misisipi

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci. Tun da sassafe raƙuma da shanu da tumaki ke kwararowa daga ƙasar Damagaram, manyan motoci kuma na jiran lodi zuwa Kudu. Duk wanda ya ratsa tashar mota ko teburan masu shayi a wannan rana zai sha kiɗa: nan kalangun Mamman Shata, can kotson Musa Ɗanƙwairo, gaba kaɗan gurmin Haruna Uji, mutumin Haɗejiya. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, amma sai ka ga yaron mota da ba a haifa ba a lokacin yana karɓa amshi babu tuntuɓe. Bai taɓa halartar wasan ɗayansu ba. Kunnensa ya gaji waƙoƙin ne daga gidan da ba a kashe rediyo.

A zamanin faifan garmaho, sauraren waƙar da aka naɗa sai gidan sarauta da na attajirai. Rediyo ce ta raba wannan gata ga kowa. Da gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir kuma suka yi araha, manomin Sule Tankarkar ya samu abin da zai rataya a reshen ƙirya yana noma yana sauraro. Shirin Zaɓi Sonka ya shahara har ƙungiyoyin masu sauraro suka bazu a garuruwa, mutum ya aika gaisuwa ga dangi da abokai, ya zaɓi waƙar da za a saka musu. Ta wannan hanya kuntigin Ɗanmaraya Jos da kukumar Garba Supa da ƙwaryar Barmani Coge suka shiga ƙauyukan da masu su ba su taɓa takawa ba.

Ba waƙar gida kaɗai aka sha ba. Kunnen mutumin Arewa na shekarun 1970 da 1980 ya saba da gauraye: muryar Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi daga finafinan Indiya, waƙoƙin Sudan, gitar Franco ta Kwango, ƙahonin ƙungiyar Bala Miller ɗan Zariya, har da Don Williams na Amurka. Makaɗan gida ma sun ɗebo daga wannan rijiya, domin Abdu Yaron Goge ya ɗauki karin wasu waƙoƙin Indiya ya zuba musu Hausa a kan gogensa. Wanda yake zaton cakuɗa kiɗan gida da na waje ya faro ne daga finafinan Kano, bai san tarihin rediyo ba.

Ƙasar Gumel tana da wata riba da ba kowace masarauta ke da ita ba. Ƙananan hukumominta huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, suna jingine da iyakar Nijar ko kusa da ita, zumuncin kuma ya girmi iyakar, tun da Tumbi, inda sarakunan Gumel suka taɓa zama, yanzu tana cikin Nijar. Muryar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. Mai akwati a nan yana iya juyawa ya kamo Kaduna ko Kano, ya kamo Rediyo Jigawa daga Dutse bayan an ƙirƙiri jihar a 1991, ya kuma juya ya ji Muryar Sahel da makaɗan Nijar irin su Mamman Gawo Filinge.

A fagen rediyon al'umma kuwa Nijar ce ta riga. Rediyon al'umma ƙaramar tasha ce ta zangon FM wadda mutanen gari ke mallaka, su ne kuma ke gudanar da ita, galibi da 'yan sa-kai. Muryarta ba ta wuce kilomita 'yan gomiya, sau da yawa da hasken rana take aiki, kuma ba don riba aka kafa ta ba. Nijar ta buɗe irin wannan tasha a Bankilare a 1999, daga baya suka haura ɗari a faɗin ƙasar. A Nijeriya sai a 2015 gwamnatin tarayya ta ba da lasisi ga rukunin farko na tashoshi 17. Yawancin gidajen da mutanen Jigawa ke saurare na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, amma duk wanda ya buɗe layin waya ga masu sauraro, ya ba tsofaffin waƙoƙi fili, yana yin wani yanki na wannan aiki.

Dalilin da ya sa ƙaramar tasha ke riƙe tsohuwar waƙa a fili yake. Babbar tasha tana bin mai talla, mai talla kuma yana bin abin da ke tashe. Ƙaramar tasha tana bin wanda ya kira waya: dattijon da ke son waƙar noma, tsohuwar da ke tuna kiɗan bikinta, direban da zai kwana a hanya.

Haka abin ya kasance da kiɗan buluz a Amurka. Jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka ne suka ƙirƙire shi a kudancin ƙasar wajen ƙarshen ƙarni na 19, musamman a gonakin auduga na Misisipi. Waƙa ce ta mutum ɗaya da gitarsa, yana faɗin talauci da bashi da rabuwa da tafiya ci-rani. Kamfanonin faifai ba su waiwaye shi ba sai a 1920, lokacin da faifan Mamie Smith mai suna Crazy Blues ya yi kasuwar da ta ba su mamaki. Duk da haka manyan gidajen rediyo sun daɗe suna ƙyamar sa. A Nuwamban 1941 wata ƙaramar tasha mai suna KFFA a garin Helena na jihar Akansas ta fara shirin King Biscuit Time, wanda masu sayar da fulawa suka ɗauki nauyinsa. Ana saka shi da tsakar rana, daidai lokacin da ma'aikatan gona ke hutun cin abinci, Sonny Boy Williamson yana busa kai tsaye daga ɗakin watsa shiri. A ƙarshen shekarun 1940 tashar WDIA ta Memfis ta mayar da shirye-shiryenta ga baƙaƙen fata, a can B.B. King ya fara suna yana saurayi. Yau ma a Niyu Olins akwai WWOZ, rediyon al'umma da aka kafa a 1980, inda 'yan sa-kai ke zuwa da faya-fayansu na gida su saka wa jama'a.

Abin da zai fi jan hankalin mai karatu Bahaushe shi ne inda wasu masana suka bi sawun wannan kiɗa. Paul Oliver ɗan Ingila, a littafinsa na 1970, ya ce a daina neman asalin buluz a cikin gangunan bakin teku, a duba ƙasashen sabana inda kayan tsirkiya suka fi yawa. Gerhard Kubik ɗan Ostiriya ya faɗaɗa batun a littafinsa Africa and the Blues na 1999. Ya nuna kamanni tsakanin buluz da waƙar yankin da ya taso daga Mali ya ratsa ƙasar Hausa zuwa arewacin Kamaru: mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗansa, murya mai lanƙwasa da jan harafi, karin da ke yawo a kan sautuka biyar, tsirkiya tana amsa wa murya. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya naɗa a Kamaru. Wannan ba ya nufin buluz kiɗan Hausa ne. A Amurka aka haife shi, wahalar can ce ta raine shi. Amma wanda ya saurari gurmin Haruna Uji sannan ya saurari tsohon faifan Misisipi zai gane abin da ya kai masanan ga wannan magana.

Inda aka bambanta shi ne wajen adanawa. Robert Johnson ya rasu a 1938 yana ɗan shekara 27, waƙoƙi 29 kacal ya bari a faifai, amma an san garin da aka naɗi kowace da ranar da aka naɗe ta, kuma da aka sake fitar da wasunsu a 1961 duniya ta san shi. A 1941 Alan Lomax ya je har gonar da Muddy Waters ke aiki ya naɗi muryarsa domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A ƙasar Hausa an yi irin wannan ƙoƙari, kamar aikin David Ames da Anthony King da ya fito a 1971 a kan kayan kiɗan Hausa da kalmominsu, sai dai bai kai yawan abin da ke ƙasa ba. Waƙoƙi da dama sun tashi daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa memori, a kowane sauyi sauti na raguwa, sunan mawaƙi na ɓata. Mai tura waƙa a kasuwa zai cika maka waya da su, amma da wuya ya gaya maka shekarar da aka yi su ko wanda aka yi wa. Zaren kaset kuma ba ya jure zafi da ƙurar wannan yanki.

Mafi hatsari su ne waɗanda ba a taɓa naɗa ba: makaɗan fadar Gumel, masu gangar noma a ƙauyukan Gagarawa, 'yan amshin dambe da kokawa na bayan kaka, matan da ke waƙar daka da ta niƙa. Babu kamfanin da zai zo neman su. Gidajen rediyon da ke kusa da su ne za su iya, kuma abin da aikin ke bukata bai wuce na'urar naɗar murya da kwamfuta ɗaya da littafin rajista ba. Ya kamata su nemi dattawan da ke da tsofaffin kaset a akwati, su kwafe su, su mayar musu da kayansu. Duk mai gabatar da shiri kuma, kafin ya saki waƙa, ya faɗi sunan mawaƙin da garinsu da abin da yake kaɗawa da wanda ya yi wa waƙar.