Palazzo Vecchio

Palazzo Vecchio tsohuwar fada ce da ke dandalin Piazza della Signoria, a tsakiyar birnin Florence na ƙasar Italiya. A nan ofishin magajin gari da majalisar birnin suke, sauran ginin kuma gidan tarihi ne. Tsohon birnin da fadar take ciki yana jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1982.

Suna da tarihi

Sunan ginin ya sha canzawa gwargwadon wanda ke riƙe da mulki. An fara gina shi a 1299, ana kuma danganta tsarinsa ga magini Arnolfo di Cambio. A lokacin Florence jamhuriya ce, don haka ake kiransa Palazzo della Signoria, wato mazaunin majalisar mahukunta. An yi shi da dutse kamar sansanin yaƙi saboda tsoron bore.

Bayan rushewar jamhuriyar, Cosimo na Ɗaya na gidan Medici, mai sarautar Duke, ya tare a ginin a 1540 tare da matarsa Eleonora ta Toledo. Daga 1555 ya sa Giorgio Vasari ya sake fasalin cikinsa. Da gidan sarautar ya koma fadar Pitti da ke hayin kogin Arno, sai aka riƙa kiran wannan "Vecchio", wato "tsoho" da Italiyanci. Majalisar wakilan Italiya ta zauna a cikinsa daga 1865 zuwa 1871, lokacin da Florence take babban birnin ƙasar.

Abubuwan kallo

A bakin ƙofa akwai kwafin mutum-mutumin Dauda na Michelangelo. Na asalin ya tsaya a wurin daga 1504 zuwa 1873, kafin a mayar da shi gidan tarihi na Accademia.

Zauren Salone dei Cinquecento ne mafi girma. Tsawonsa mita 54, faɗinsa 23. An gina shi zamanin mai wa'azi Girolamo Savonarola domin babbar majalisar jamhuriya, amma daga baya Vasari ya cika bangonsa da hotunan yaƙe-yaƙen da Florence ta ci, ya zana Cosimo a tsakiyar rufin. Masana na muhawara har yanzu kan ko ragowar zanen Yaƙin Anghiari na Leonardo da Vinci yana ɓoye a bayan bangon.

A benen sama akwai ɗakunan Eleonora da ɗakin taswirori na ƙarni na 16. Hasumiyar fadar ta kai kimanin mita 94, kuma a wani ɗan kurkuku da ke cikinta aka tsare Cosimo Babba a 1433, da Savonarola a 1498 kafin a kashe shi a dandalin.

Ziyara

Shiga farfajiyar farko kyauta ne, amma gidan tarihin da hasumiyar sai da tikiti. Ana rufe hasumiyar idan ana ruwan sama.