Ƙiba da Yanayin Taku a Tsakanin Yara da Matasa

1.0 Gabatarwa

Hausa ba ta rasa kalmomin bayyana tafiya ba. Akwai sanɗa da sassarfa da ɗingishi da rangwaɗa da tangaɗi, kowace da irin takun da take nufi. Idan kuwa yaro mai ƙiba ne ya gifta, akan ce yana tafiya tinƙis-tinƙis, ko kuma tafiyar agwagwa yake yi, sannan a jingina abin ga ragwanci. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan taku dabara ce da jiki yake yi don ya kare kansa daga faɗuwa, da kuma abin da hakan yake nufi wajen zaɓar masa motsa jiki. Al'amarin ba ƙarami ba ne. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa masu matsananciyar ƙiba daga shekara 5 zuwa 19 sun tashi daga kashi 2 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 8 a 2022, wato kimanin yara da matasa miliyan 160.

2.0 Zagayen Taku

Abin da ake nufi da zagayen taku shi ne daga lokacin da dunduniyar ƙafa ɗaya ta taɓa ƙasa har zuwa lokacin da za ta sake taɓawa. A tafiyar lafiyayye, ƙafa takan shafe kusan kashi 60 cikin ɗari na wannan lokaci a ƙasa, sauran kashi 40 kuma tana lilo a sama. Akwai kuma ɗan taƙin da ƙafafu biyu suke haɗuwa a ƙasa, wanda jimlarsa take kusan kashi 20.

Tun a 1991 Hills da Parker suka auna tafiyar yara masu ƙiba a Ostareliya, suka gano cewa ba su kai tsararsu sauri ba, kuma ƙafarsu ta fi daɗewa a ƙasa. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun ƙara da cewa takun nasu gajere ne, suna tale ƙafafu, kuma lokacin haɗuwar ƙafafu biyu a ƙasa ya fi tsawo. Dalilin a fili yake. Duk sa'ad da ƙafa ɗaya ta tashi, nauyin jiki gaba ɗaya yana komawa kan ɗayar, tsokokin ƙugu su riƙe shi kada ya karkata. Yaro mai ƙiba yakan fi tsaransa ƙarfin tsoka idan an auna ƙarfin shi kaɗai, amma idan aka gwama shi da nauyin da yake ɗauke da shi sai ya gaza. Saboda haka jiki yake rage zaman ƙafa a sama, ya faɗaɗa tsakanin sawu, kamar yadda mai ɗauke da tulu cike da ruwa yake yi ba tare da an koya masa ba. Kaurin cinya ma yana tilasta wa ƙafa ta kewaya ta gefe, daga nan ne rangajin da ake yi wa lakabi da tafiyar agwagwa yake fitowa. Masu zolaya sun ga abin daidai, fassararsu ce ta kauce.

Dabarar tana da tsada. A tafiya ta yau da kullum, gwiwa takan ɗauki ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, ga shi kuwa ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. Shi ya sa gwame da shafewar tafin ƙafa da ciwon gwiwa suka fi yawa a cikinsu.

3.0 Motsa Jiki

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa masu shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum bisa matsakaicin lissafi, tare da ayyukan ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana 3 a mako. Sai dai malamin da ya jera ɗalibai ya ce kowa ya zagaya fili da gudu, ya ɗora wa mai ƙiba aikin da ya fi na kowa, domin gudu yana ninka nauyin da ke sauka a gwiwa. Yaron da ya zo na ƙarshe ana yi masa dariya da wuya ya sake fitowa fili da son ransa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da tafiya mai ɗan sauri da hawan keke, da iyo inda hali ya yi, a haɗa da tsuguno da miƙewa da tsayuwa a kan ƙafa ɗaya don ƙarfafa cinya da ƙugu. Ƙarfin tsoka da juriya sukan ƙaru tun kafin sikeli ya nuna an rage ko da kilo ɗaya.

Akwai alama guda da ba a yi mata maganin motsa jiki. Idan matashi mai ƙiba ya fara ɗingishi, yana kukan ciwon ƙugu ko cinya ko gwiwa, sawunsa kuma yana juyawa waje, mai yiwuwa kan ƙashin cinyarsa ne ya zame daga guringuntsin da yake tsiro. Wannan sai a hana shi taka ƙafar, a kai shi asibiti a ɗauki hoton ƙugu, domin galibi tiyata ake yi.